Kwandalolin azurfar Faransa da aka gada: a karanta su kafin a wanke ko a sayar

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya aiko da wannan tambaya: "Kakarmu ta rasu, a cikin adudunta muka tarar da tsofaffin kwandaloli bakwai ƙulle a tsumma. Ɗaya babba ce mai mutum uku a tsaye, 1873, da harafin A. Ta biyu mai hoton wani mai gemu da gashin baki, 1868, BB, an yi mata kunne. Ta uku ta fi su faɗi, an rubuta LUD XVI da 1785 da harafin L, fuskar mai hoton duk ƙarce-ƙarce. Akwai ƙanana uku masu mace tana shuka, 1916 da 1918 da 1964, sai ta ƙarshe mai hoton wata mace mai jiki, 1780. Azurfa ce duka? Mu wanke su? Me suke kaiwa? Ni kuma abin ya shiga raina, ina son in fara tarawa."

Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗan'uwa, kafin in ce wace ce wace, ina roƙonka kada ka bari kowa ya wanke su. Ba da toka ba, ba da tsamiya ko lemun tsami ba, ba da man goge baki ba. Kada kuma a kai wa maƙeri ya ɗiga musu ruwan gwaji ko ya gurza gefe da magagari wai don ya ga cikin. Baƙin da ka ga ya kwanta a lungunan rubutu ba dauɗa ba ce, launi ne da azurfa ke yi idan ta daɗe tana shan iska, kuma masu tara tsoffin kuɗi shi suke nema, don shi ke nuna ba a taɓa kankare fuskar ba. Toka tana barin sirara-siraran zane waɗanda ba a gani sai an karkata kwandalar a hasken rana, a nan za ka ga fuskar ta koma kamar gindin tukunyar da aka sha gogewa. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa. An taɓa kawo mini kwandalar Napoliyon na farko ta 1811, gashin kansa yana nan sili-sili, alamar ba ta yi yawon hannu da yawa ba, amma mai ita ya yini yana goge ta don ta yi ƙyalli kafin ya nuna. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da hannunsa ya sauke ta zuwa kusan farashin narkarwa.

Mu fara da mai mutum uku, ita ce ma'aunin sauran. Faran biyar ce. Ƙaton da ke tsakiya sanye da fatar zaki shi ne Hakulis, gwarzon tatsuniyar Girkawa, yana haɗa hannun mata biyu: ta hagu tana wakiltar 'yanci, ta dama mai riƙe da ma'aunin magina tana wakiltar daidaito. Augustin Dupré ne ya zana ta, za ka ga sa hannunsa a ƙasa da rubutu mai kwanciya. Nauyinta giram 25, faɗinta milimita 37, azurfarta kashi 900 cikin 1000, sauran jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Ke nan akwai zallar azurfa giram 22.5 a cikinta. Ka haddace waɗannan lambobi, domin tun daga dokar 1795 da ta kafa faran har 1878 da aka daina buga wannan kwandala don kashewa, ba su canza ba. Sarakuna sun hau sun sauka, an yi jamhuriya an rushe, an canza hoto an canza rubutu, amma giram 25 da milimita 37 suna nan.

Kai da kake Damagaram kullum sunanta yana bakinka. Mai tebur ya ce dala ashirin, ka miƙa masa sefa ɗari ba tare da ka tsaya lissafi ba. Wannan ƙirga ta biyar-biyar gadon wannan kwandala ce. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, daga baya suka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu maimakon wuri, kuma babbar azurfar da jama'a suka yarda da ita ita ce ta faran biyar. Sefa ta zo a 1945, azurfa ta ɓace daga kasuwa, sunan ya zauna. Bambarawan Mali da Wolof na Senegal su ma haka suke ƙirga kuɗi biyar-biyar. Saboda haka samun dala ta 1873 a adudun tsohuwa a ƙasarku ba abin mamaki ba ne, ajiya ce irin ta mutanen da, kuma yawancin 'yan'uwanta maƙera suka narkar suka yi zobe da mundaye.

Yanzu ka juya bayanta, ka duba can ƙasa, ƙarƙashin kewayen ganye. Harafin A yana nufin a Faris aka buga ta. Tun 1540 Sarki Faransuwa na farko ya ba kowane gidan buga kuɗi harafinsa, don in an sami ha'inci a san inda za a nufa. Ga yadda haruffan suka tsaya daga baya, bayan an ƙara wasu garuruwa: A na Faris, B na Rouen, BB na Strasbourg, D na Lyon, I na Limoges, K na Bordeaux, L na Bayonne, M na Toulouse, Q na Perpignan, T na Nantes, W na Lille, garin Pau kuwa ba harafi gare shi ba, 'yar saniya ce. Hagu da dama na harafin akwai wasu ƙananan tambura biyu, sai da gilashin ƙara girma za ka gan su sosai. A ta 1873 A, ƙudan zuma ne da anga ta jirgin ruwa. Ƙudan zuman tambarin shugaban gidan bugun ne, angar kuma ta babban mai sassaƙa hatimi, Albert Barre. Waɗannan 'yan tambura su ne rabin ilimin wannan sana'a. Dala ta 1873 A an buga ta fiye da miliyan 20, don haka idan ta sha hannu darajarta ba ta wuce ta azurfarta da ɗan ƙari. Amma akwai ta 1871 A, hoto ɗaya, nauyi ɗaya, wadda a maimakon ƙudan zuma take ɗauke da mashi mai baki uku. Tambarin Zéphirin Camélinat ke nan, ma'aikacin tagulla da 'yan tawayen Faris suka damƙa wa gidan buga kuɗi a 'yan makonnin da suka riƙe birnin tsakanin Maris da Mayu na 1871. Wannan 'yar alama da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba ita ke ninka farashi sau da yawa. Shi ya sa ba a yanke wa kwandala hukunci daga nesa.

Mai gemu da gashin baki mai tsini Napoliyon na 3 ne, ɗan ɗan'uwan na farko. Ita ma faran biyar ce, nauyi ɗaya da ta farko. Irin mai kambin ganye a ka an buga ta daga 1861 zuwa 1870, shekarar da Jamusawa suka kama shi a yaƙin Sedan. BB Strasbourg ne, kuma bayan wannan yaƙi garin ya koma hannun Jamus, harafin ya mutu. Ta 1868 BB ba ta da wuyar samu. Kunnen da aka liƙa mata ya fitar da ita daga sahun da masu tarawa ke biya da tsada, gaskiya ke nan, don wuta ta taɓa ta kuma an lalata rubutun gefe. Amma shawarata kada a cire shi. In an cire, tabo zai zauna, ba ta koma yadda take ba, kuma an ɓatar da shaidar cewa wata mace ta rataya ta a wuya. A cikin bakwai ɗin nan ita ce ta fi ɗaukar labarin gidanku.

Wataran za ka ci karo da kwandala mai girman dala sak amma da hoton Sarki Lewofol na 2 na Beljiyam, ko lira biyar ta Italiya. Kada ka ɗauka jabu ce. A 1865 Faransa da Beljiyam da Italiya da Suwizalan suka ƙulla yarjejeniyar buga kuɗi ma'auni ɗaya, Girka ta shiga a 1868, kuɗinsu suna gauraya a aljihu ɗaya.

Ta ukun ita ce ta sa na gyara zama. Faransawa suna kiranta écu, kuɗin zamanin sarauta ne kafin juyin juya halin 1789. Rubutun Latin ne a taƙaice: LUD. XVI D. G. FR. ET NAV. REX, ma'ana Luwi na 16, da yardar Allah sarkin Faransa da Navarre. A baya za ka ga garkuwa mai siffar ƙwai da furanni uku masu kunne uku-uku, kambi a sama, rassa biyu a gefe, kewaye da SIT NOMEN DOMINI BENEDICTUM, wato albarka ta tabbata ga sunan Ubangiji. Ka nemi inda aka rubuta ko nawa ce, ba za ka samu ba. Kuɗin wancan zamani ba a rubuta musu daraja, sarki ne ke faɗa da doka. Tun 1726 aka tsayar da ita a kan livre 6, nauyi giram 29.49, faɗi wajen milimita 41, azurfa kashi 917. Lissafinsu kuwa dattawan Najeriya za su gane shi nan take: denier 12 sol ɗaya, sol 20 livre ɗaya, daidai da kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Tushen lissafin ɗaya ne. Harafin L Bayonne ne, gari a bakin iyakar Sifen, kuma a shekarun 1780 gidajen bugun kudu irin su Bayonne da Pau da Perpignan da Toulouse sun buga écu masu yawa saboda azurfar Sifaniyawa da ke tsallakowa. A jikin kafaɗar sarkin, in ba ta goge ba, akwai B. DUVIV. F., sa hannun Benjamin Duvivier.

Ƙarce-ƙarcen da suka dame ka mai yiwuwa ba hannun ɓarna ba ne. A wancan lokaci ana yanke faifan azurfa a auna shi kafin a buga, in ya fi nauyi sai ma'aikaci ya ja masa magagari har ya daidaita, sannan a sa shi a injin matsa. In matsar ba ta yi ƙarfi ba, sawun magagarin yana zama, musamman a inda hoto ya fi tudu, kamar kumatun sarki da tsakiyar garkuwa. Ga yadda za ka bambanta. Sawun gidan bugu layuka ne a jere, sun fuskanci waje ɗaya kamar kunyoyin gona, bakinsu a danne yake ba tudu, cikinsu launi ɗaya da sauran fuskar, kuma suna dusashewa a inda hatimi ya danna sosai. Ƙarcen da aka yi daga baya yana tafiya yadda ya ga dama, yana tayar da ɗan tudu a bakinsa da farce zai ji, cikinsa kuma ya fi haske. Na farko yana rage farashi kaɗan in ya ɓata fuska, amma ba aibi ba ne, har ma yana ƙara wa mai dubawa natsuwa.

Duk da haka ita ce zan fi tsananta wa bincike. Faransa ta janye écu daga kasuwa a 1834, shekara 65 kafin sojojinta su iso Damagaram, don haka ba kuɗin haraji ba ce kamar dala, kuma ba a cika ganinta a ƙasashenmu ba. Abin da ba a saba gani a wuri ba, sai an auna shi sau biyu.

Tunda kana son tarawa, akwai wani tarko a shekarun da ke biye da wannan kwandala. A 1792 aka canza rubutu daga Latin zuwa Faransanci, aka rubuta LOUIS XVI ROI DES FRANÇOIS, sarkin Faransawa, ba sarkin Faransa ba. Kamar bambancin a ce Sarkin Kano da a ce sarkin Kanawa: na farko ƙasa tasa ce, na biyu jama'a ne suka ɗora shi. A bayanta an rubuta L'AN 4 DE LA LIBERTÉ, shekara ta huɗu ta 'yanci, ana ƙirgawa daga 1789. A watan Janairun 1793 aka sare kansa. Sai kuma jamhuriya ta kafa tata kalandar wadda ta fara daga 22 ga Satumba 1792, kwandaloli suka daina ɗaukar shekarar Miladiyya gaba ɗaya. Dalar farko mai Hakulis da rubutun UNION ET FORCE tana ɗauke da L'AN 4, amma wannan huɗun 1795 zuwa 1796 ne. Huɗu biyu, tsakaninsu shekara uku. Hanya mai sauƙi: ka ƙara 1791 a kan lambar kalandar jamhuriya, ka sami shekarar da ta fara a Satumbanta. AN 12 ta fara Satumban 1803, shi ya sa ake samun ta iri biyu, wata BONAPARTE PREMIER CONSUL, wata NAPOLEON EMPEREUR, don mutum ɗaya ne, Napoliyon na farko, yana shugaba da sunan Bonapat, sai a Mayun 1804 ya zama sarki. AN 14 wata uku da 'yan kwanaki kawai ta yi, aka soke kalandar ranar 1 ga Janairu 1806. In kuma ka ga sarki a gaba, RÉPUBLIQUE FRANÇAISE a baya, kada ka yi zargi, haka aka yi ta bugawa har 1808, sai 1809 aka koma EMPIRE FRANÇAIS.

Ƙananan uku ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mace mai shuka, rana na fitowa a bayanta, zanen Oscar Roty ne. In faran ɗaya-ɗaya ne, wato tamma, ta 1916 da ta 1918 azurfa ce kashi 835, giram 5, milimita 23. An rage azurfar ƙananan kuɗi daga 900 zuwa 835 a tsakiyar shekarun 1860, dala kaɗai aka bari yadda take. An buga su da ɗimbin yawa lokacin yaƙin duniya na farko, ba su da tsada. Masu wuya a wannan jeri su ne ta 1900 da ta 1914 mai harafin C, wadda aka buga a Castelsarrasin sa'ad da aka ji tsoron Jamusawa za su shiga Faris, kuma saboda tsadarta akwai masu liƙa wa ta talaka harafin C. Ta 1964, in faran ɗaya ce, ba azurfa ba ce. An dawo da zanen a 1960 a kan farin ƙarfen nikel, giram 6, milimita 24, maganaɗisu yana cafke ta. In kuwa faran biyar ce mai giram 12, to azurfa ce kashi 835, don haka aka buga ta daga 1960 zuwa 1969.

Ta bakwai ba ta Faransa ba ce. Mariya Taresa ce, sarauniyar Ostiriya, kwandalar da kakanninmu ke kira liyari. Shekarar 1780 ita ce shekarar rasuwarta, kuma tun daga nan aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ba canji, domin 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da Barno da ƙasar Hausa ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ana canza ta a kan wuri 2,500. An buga ta a Biyana, daga baya har a Landan da Rum da Bombay da Faris ɗin kanta. Don haka 1780 ba ta gaya maka shekarun wadda ke hannunka. Nauyinta giram 28.07, azurfa kashi 833.

To, yaya za ka tabbatar gangariya ce ba tare da ka ji mata ciwo ba? Ka nemi ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Dala da ta sha hannu takan sauka zuwa 24.5, wadda ta goge ƙwarai tana iya kusantar 24. In ka ga 22 ko 20 alhali hoto yana nan garau, jabu ce, ba sai an ja magana ba. Écu mai lafiya tana tsakanin 28.5 da 29.5. Sai maganaɗisu: azurfa ba ta kama shi, amma rashin kamawa bai isa shaida ba, don tagulla da darma su ma ba sa kamawa. Sai juyi: ka riƙe ta hoto a tsaye, ka kifar da ita daga sama zuwa ƙasa, bayan ya kamata ya fito a tsaye. In ka juya ta kamar shafin littafi, bayan zai fito a kife. Haka Faransa ta riƙa buga waɗannan kuɗi, masu jabu da yawa kuma suna mantawa.

Gefe shi ne inda maƙaryaci ya fi tonuwa, kuma shi ne inda sabon mai tarawa ba ya dubawa. A dala ta 1873 da ta 1868 an rubuta DIEU PROTEGE LA FRANCE, Allah ya kiyaye Faransa, da haruffa masu tudu. Zoben ƙarfen da ke buga wannan rubutu kashi uku ne, don haka a gangariya za ka ga 'yan layuka uku a tsaye sun ratsa kaurin gefen, nesa ɗaya da juna. Jabun zubi kuwa ɗinkinsa a kwance yake, yana bin gefen yana zagayawa, inda bakin tukunyar zubi biyu suka haɗu, ko kuma ka ga an goge wurin don a ɓoye. Fuskar zubi tana da ƙananan ramuka kamar ƙurajen ƙyanda, haruffanta sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. A zamanin Napoliyon na farko da Luwi na 18 da Sharl na 10 rubutun gefen a nutse yake, ba tudu ba. A écu ɗinka ka nemi DOMINE SALVUM FAC REGEM, ya Ubangiji ka tsare sarki, da tudu, da 'yan furanni tsakanin kalmomi. Écu ta 1785 mai gefe sumul ko mai zara-zara irin na kwandalar zamani ba ta gidan bugu ba ce.

Gwajin da na fi yarda da shi na ruwa ne. Ka ɗora ƙaramin kofi na ruwa a kan sikeli, ka mayar da lamba sifili. Ka ɗaure kwandalar da zare siriri, ka saukar da ita a hankali har ta nutse, kana riƙe da zaren, kada ta taɓa gindi ko gefen kofin. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da ta ture. Ka raba nauyin kwandalar da wannan lamba. Azurfa mai kashi 900 tana ba da wajen 10.3, wato dala mai giram 25 za ta nuna kusan 2.42, écu kuma kusan 2.8. Jan ƙarfe ko tagulla da aka shafe da azurfa ba ya wuce 9. In ka gama, ka danna ta da tsumma mai laushi ta bushe, kada ka goga. Mai kunne za ta ɗan kauce saboda abin da aka liƙa da shi. Mutanen da suna jefa kwandala a kan dutse su saurari ƙararta. Kunnensu ya yi daidai, amma jifar tana lotsa gefe. Ka ɗora ta a kan ɗan yatsa, ka ƙwanƙwasa bakinta da fensir: azurfa tana jan amo mai tsawo, darma tana cewa ƙwal ta yi shiru.

Batun me suke kaiwa, ba zan ba ka lamba ba, don farashin azurfa yana motsi kullum. Zan ba ka hanya. Akwai ƙasa, akwai sama. Ƙasan shi ne zallar azurfar da ke ciki: dala 22.5, écu wajen 27, liyari wajen 23.4, tamma kusan 4.2. Ka duba farashin ranar, in an ba ka shi a oza ka raba da 31.1 ka sami na giram, ka ninka. Duk wanda ya taya ƙasa da wannan da nisa, ya raina saninka ne. Saman kuwa abu uku ke gina shi: shekara da harafi, wato yawan da aka buga, sai lafiyar fuska, sai rashin taɓi. Dillalan Faransa suna jera lafiyar fuska daga B zuwa TB, TTB, SUP, SPL, har FDC wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba. B ɗin nan kalmar "kyakkyawa" ce a harshensu, amma a bakin dillali tana nufin wadda ta goge ƙwarai. Inda za ka duba shi ne wuraren tudu, su ke fara cinyewa: fuskar Hakulis da ƙirjinsa, ganyen kambin Napoliyon, gashin saman kunnen Luwi, hannun mai shuka da jakarta. Kundin Gadoury shi ne abin da masu wannan harka a Faransa ke buɗewa don ganin yawan bugu na kowace shekara da harafi, a intanet kuma shafin Numista yana da hotuna da ma'aunai kyauta. A cikin naka, in écu ta tabbata, ita ce gaba, sauran suna kusa da ƙasa.

Wannan ya kai ni ga abin da ba ka tambaya ba. In gado ne da ba a raba ba, kada a raba su da ƙidaya, wannan biyu wancan biyu. Écu ɗaya ta fi ƙananan uku a haɗe ninkin ba ninkin, ta 1964 kuma ƙila ba ta kai kuɗin goro ba. A ƙiyasta kowace da ƙimarta a gaban magada, in kai ne kake so ka biya su rabonsu, ka riƙe da zuciya ɗaya.

Wajen ajiya, ka riƙa kama su ta gefe, don gumin yatsa yana zama tabo. Kowace da 'yar ambulan ɗinta ta takarda, ka rubuta shekara da harafi da nauyi da inda ta fito. Ka nisanta su da roba mai ɗaure kuɗi, tana baƙanta azurfa inda ta taɓa, da kuma leda mai laushi mai wari, wadda zafin ƙasarmu ke sa ta tsatso wani kore mai danƙo. In ƙasa ce ta maƙale, jiƙo a ruwa mai tsabta ya isa. Tsumman kaka ma ka adana shi gefe guda.

Ga mai farawa, ban ga abin da ya kai jerin dala ba. Ka nemi guda ɗaya ta kowane mulki: UNION ET FORCE, Bonapat yana shugaba, Napoliyon yana sarki, Luwi na 18, Sharl na 10, Luwi-Filib wanda ya yi mulki daga 1830 zuwa 1848, Hakulis ta 1848, kan mace mai zangarniya ta 1849 zuwa 1851, Luwi-Napoliyon ta 1852 kafin ya naɗa kansa sarki Napoliyon na 3, sai biyun da ka riga ka gada. Duka giram 25 ne da milimita 37, saboda haka sikeli ɗaya da ido ɗaya sun ishe ka, kuma da ka riƙe goma hannunka zai fara gane jabu kafin ka auna. Ka fara da Luwi-Filib mai harafin A ko W, tana da yawa kuma ba ta da tsada, ka bar na zamanin kalandar jamhuriya sai idonka ya nuna. Kada ka sayi wadda mai sayarwa ya ƙi faɗin nauyinta ko ya ƙi nuna maka hoton gefenta.

Amma kafin ka sayi ko ɗaya, ka ɗora ta 1785 a sikeli, ka karanta gefenta harafi-harafi, ka yi mata gwajin ruwa. In ta ba ka giram 29 ko kusa, gefe ya ce DOMINE SALVUM FAC REGEM, lissafin gwajin ruwa ya faɗo wajen 10.3, to kana riƙe da azurfar da aka buga a Bayonne shekara huɗu kafin juyin juya hali.